Zufar Gidanmu da Kunyar Ɗan Fari

A dangin mahaifiyata akwai wani hali da duk Bagudo ta san mu da shi. Mutum yana zaune lafiya lau, sai ka ga fuskarsa ta yi fari, zufa ta karyo masa, kansa na sara, ƙirjinsa na dukan uku-uku. Kafin ruwan shayi ya tafasa abin ya wuce, amma duk wanda ya yi gangancin yi masa magana a wannan ɗan tsakanin zai ji abin da bai shirya ji ba. Mutanen gari suna ce wa abin zuciyar gidan Alu, sunan kakanmu ke nan. Mu kuwa har taƙama muke yi. In yaro ya fusata ya jiƙe, tsofaffi su yi dariya su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na zauna rubuta wannan ne don duk gidan da ke da irin wannan taƙama ya je a duba shi, domin tamu ta kusa cinye mana mutum biyu a shekara ɗaya.

Sunana Talatu, ni ce autar Inna, ina koyarwa a wata firamare a cikin gari. Jinyarta ta faɗo kaina ne saboda gidan aurena ya fi na kowa kusa, kuma a cikin 'ya'yanta ni kaɗai ce bakina ya kai nata.

Bayan girbin shinkafa abin ya fara zuwa mata kusan kullum. Ta sunkuya ta ɗauki tulu, ya zo. Ta yi ruku'u, ya zo. Ga kuma wani ƙulli a gaban wuyanta kamar ƙwayar goro, wanda ta ce ruwan rijiya ne, ta kuma koyi naɗa mayafi yadda ko maƙwabciyarta ba ta gani. Daga nan likitocin gida suka buɗe asibiti a tsakar gidanmu. Gwaggo Hassi, ƙanwar babanmu, ta ce iska ne na bakin kogin Kwara, ta turnuƙe ɗakin da hayaƙi har kaji suka yi ƙaura. Wata ta kawo zoɓo ba sukari, wata ta kawo tafarnuwa a jiƙe, wani ya aiko da ƙwayoyi daga Benin masu rubutun Faransanci da babu wanda ya iya karantawa. Abu ɗaya kawai suka haɗu a kai, shi ne a hana ta gishiri. Inna ta yi watanni tana cin miya lami, kuma kowace loma da ta kai baki ni take harara.

Wadda ta fara tsorata ni ita ce Madam Ngozi mai kyamis, Ibo ce amma a Bagudo aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kabanci. Ta ɗaura wa Inna na'urar awon jini, ta ce lafiya lau, har ta fi nata kyau. Inna ta dube ni da kallon "na gaya miki", ta sunkuya za ta gyara takalmi, sai abin ya zo. Madam ta sake ɗaurawa. Ta duba, ta cire batir ta sa sabo, ta sake dubawa.

"Talatu," in ji ta, "wanga ba na kyamis ba na. Ko kwabo ba ni karɓa, ɗauki tsohuwa ku tahi asibiti."

Asibitin gari suka tura mu Birnin Kebbi, Birnin Kebbi suka tura mu Sakkwato. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin layi ba, wanda ya sani ya sani. Ka yi sammako kana ganin ka riga kowa, ka tarar da takalma da duwatsu a jere suna riƙe wa masu su wuri. Akuyoyin Inna suka tafi a kuɗin mota da gwaje-gwaje, keken ɗinkina ya bi bayansu. Na yi kuka a bayan ɗakin awo ba sau ɗaya ba, ina fitowa kuma in tarar Inna ta ƙulla ƙawance da duk matan benci, tana ba su labarin yadda na hana ta gishiri.

A mako na biyu muka samu ganin likitar da aka tura mu wurinta. Yarinya ce siririya mai tabarau. Tun daga ƙofa Inna ta raɗa mini, raɗar da ake ji har waje, "Wagga ko aure ta yi?" Likita ta yi kamar ba ta ji ba. Ta taɓa wuyan, ta duba sakamakon da muka zo da shi, ta ce ƙullin ba na zama ba ne, sai an cire.

"Ba a sa min wuƙa," in ji Inna. "Gidanmu ba mu jituwa da wuƙar asibiti."

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafarta ta ci gaba.

"Babana gwaiwa ɗai anka shiga yi mishi. Da ƙahwahunai yat tahi, bai hito ba. Ƙanwata Balki wurin haihuwa anka yi mata aiki, ita ma hakanan. Sunka ce jini yah hau."

Ni kunya ta kama ni, ina ganin tsohuwa ta zo ta zubar da mu da camfi a gaban 'yar boko. Sai na ga likita ta ajiye biro.

"Mama, su ma suna yin zufa irin taki?"

"Sun hi ni."

Ranar ba a sa ranar aikin wuya ba. Aka ba mu wata jarka, aka ce Inna ta tara duk fitsarinta na yini da kwana a ciki, kada ɗigo ya zube a wani wuri. Muna sauke a gidan wata ƙawata a lokacin, gida cike da surukai. Inna ta naɗe jarkar a zani, ta ajiye ta a bayan ƙofa, tana gadinta. "Na tsuhwa," in ji ta, "na zo Sakkwato ina hwaman ɓoye jarka kamar mai tsallaka da hetur." Washegari a cikin a-daidaita-sahu direba ya ce a miƙo kayan ya sa a baya, ta ce masa in ya taɓa sai ya yi wanka.

Da sakamakon ya fito, aka ƙara da hoton ciki, likita ta zaunar da mu. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo ne, ƙarshensa lamba biyu, ban riƙe ba a ranar. Abin da na riƙe shi ne bayaninta. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke zuba wa jini sinadarin firgita, wanda ke sa zuciya gudu in mutum ya ga maciji. Ta Inna ta yi ƙari, tana zubawa ba maciji ba dalili. Zufar ke nan, ciwon kan ke nan, faɗan ma ke nan. Ƙullin wuya da ƙarin ciki uwarsu ɗaya, wani lokaci ma su haɗa da tsakuwar ƙoda, kuma gadonsu ake yi. Kowane ɗa yana iya ɗauka, yana iya tsallakewa. In aka kwantar da mai wannan ƙari aka yi masa wani aiki ba a sani ba, jininsa na iya hawa a kan gadon aikin ya tafi da shi. Don haka za a fara da ciki, bayan makonni ana shan wata ƙwaya, sannan a koma wuya.

"Kuma Mama," in ji ta, "in kin fara ƙwayar nan, ki riƙa shan ruwa sosai, ki ci gishiri."

Inna ta gyara zama. "Sake hwaɗi, ɗiyata."

"Ki ci gishiri."

Tun ba mu fita daga harabar asibiti ba ta sa na kira mata Gwaggo Hassi don ta ji zancen gishirin da kunnenta. Daga ranar likita ta tashi daga "wagga" ta koma "ɗiyata", ni kuma na zama wadda ta kusa kashe uwarta da miya lami.

Ranar da za a sallame mu mu je gida shan ƙwaya, na fita karɓo magani na bar su tare. Ina dawowa likita ta ce, "Malama Talatu, ku huɗun nan duk sai an gwada ku, da 'ya'yanku."

"Mu huɗu? Mu biyar ne."

Likita ta dubi Inna. Inna ta ɗaga kai tana nazarin fankar silin.

Dole in yi wa wanda ba ɗan wajenmu ba bayani, kamar yadda na yi wa likita. Inna ta tashi a zamanin da mace ke kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta sa shi a lissafi in an tambaye ta. Namu ɗan farin Yaya Mani ne, Usman a takarda. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarmu a wani ƙauye na tsallaken iyaka, ɓangaren Benin, can ya girma, can ya yi aure, yana noman albasa yana kawowa kasuwar Lolo ta bakin iyaka. In ya zo gaisuwar salla, Inna takan tuna tana da aiki a gidan maƙwabta. Amma kafin ta fita za ka tarar da dambun shinkafa da kifi a rufe, irin wanda yake so, ta ce ta dafa ne don kada shinkafar ta lalace. In dole ta ambace shi, sunansa mutumin ƙetare. Mutum ne mai furfura a gemu yanzu, kuma bai taɓa jin muryar uwarsa ta nufo shi ba.

Likita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta tambaya ko yana zufa. Na ce duk cikinmu shi ake ce wa Alu ya dawo. Sai ta faɗi maganar da har yau nake jin ta da muryarta: "Duk wanda ya fito daga jinin Mama, kada ya yarda a sa masa wuƙa, ko ta cire haƙori ce, sai an duba saman ƙodarsa."

Muna isa gida na kira matar Yaya, Safiya, in shaida mata. Ban gama sallama ba ta ce dama tana nemana, a sa su a addu'a. Maigidan ya daɗe yana ɓoye gwaiwa, yanzu ta hana shi ɗaukar buhu, ya je wani asibiti a can sun sa masa rana. Yana sayar da albasa a kasuwar Lolo ta wannan makon, mako mai zuwa a yi aiki. Aikin da ya ɗauke kakanmu ke nan, ga shi ya yi sallama a ƙofar jikansa.

Na sa ta miƙa masa wayar. Layin bakin iyaka kuwa sai ka hau tudu kana ihu. Na yi bayani da ihu, ƙoda da ihu, ƙari da ihu, har maƙwabta suka san halin da gwaiwar Yaya ke ciki.

"Auta," in ji shi, "likitocinku na Najeriya ba su rasa abin cewa. Ni na gama magana da nawa. Zuhwa kuwa tun ina saurayi nike yin ta, ba ta kashe ni ba."

"Yaya, ita ta kashe Alu."

Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"In gaskiya ta, mi ya hana mai ciwon ta hwaɗi da bakinta?"

Ya kashe wayar. Na juya wurin Inna, wadda ta ji komai tana tsince shinkafa. Na roƙe ta, na yi mata wa'azi, na ce ko malamai sun ce wannan kunya ba addini ba ce. Ta ce malamai ba su haihu ba. Na yi fushi na ce to ta shirya zaman makoki, ta ga ko a can ma gidan maƙwabta za ta tafi. Ban taɓa gaya mata magana mai zafin wannan ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafar da babu sauran tsakuwa a cikinta.

Ranar kasuwar Lolo da safe na same ta ta yi wanka ta ɗaura zanin fita.

"Ina za ki, Inna?"

"Albasa ta ƙare."

Akwai kwando guda na albasa a ɗakin girki. Na ɗauki mayafina na bi ta.

Mun sami Yaya a layin 'yan albasa, tsaye cikin buhuna yana ciniki da Dendanci, yaren mutanen tsallake. Yana ganinmu ya durƙusa ya gaida ƙasa, Inna ta amsa wa buhun da ke gefensa. Sai ta juyo gare ni, alhali tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

"Talatu, gaya ma mai albasa an ce a dakata da wancan aiki."

Na juya. "Yaya, an ce a dakata."

"Auta, gaya ma tsohuwa an riga an sa rana."

"Inna, an sa rana."

"Gaya mishi wanda yas sa rana shina iya ɗage ta."

"Gaya mata mutum ba shi zama da kaya a wando don an ce an ce."

Nan na ƙi isar da saƙo. Na ce ni malamar makaranta ce, ba a ɗauke ni aikin kai gwaiwa da kawowa ba. 'Yan albasa na kusa sun daina ciniki, wani ma ya jawo buhu ya zauna. Yaya ya ji kunya, ya kuma fusata, don ya nuna lafiyarsa ƙalau sai ya sunkuya ya cicciɓi buhu zai ɗora a kan amalanke.

Buhun bai kai ba. Na ga fuskarsa ta yi fari, zufa ta keto ta cikin hula, ya saki buhun ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Albasa ta watse. Na sha ganin abin a jikin Inna, amma ban taɓa ganinsa a jikin ƙato irin Yaya ba, kuma na tsorata.

Inna ta ture ni gefe. Ta durƙusa a gabansa a tsakiyar kasuwa, ta warware mayafin da take ɓoye wuyanta da shi, ta share masa fuska. Sannan ta sa yatsu a ƙarƙashin gemunsa tana lalubawa, yadda ta ga likita na yi mata. Hannunta ya tsaya wuri ɗaya. Ta kamo nasa hannun ta ɗora a kan nata ƙullin, ta mayar da shi kan nasa.

"Ka ji shi?" in ji ta. "Nawa na. Tun da anka yaye ka ban ba ka komi ba da hannuna, ashe wanga na ba ka. Tashi mu tahi a cire."

Ruwan da ke fuskar Yaya dai na san ba duka ne zufa ba. Wani tsoho mai albasa ya fara kwashe wadda ta zube yana faɗin a ba su wuri, a ba su wuri. Da la'asar Yaya ya bar wa abokinsa sauran buhunan, ya biyo mu Bagudo a mota ɗaya. Inna ta zauna a gaba, ba ta waiwaya ba har muka sauka.

Gwaji ya nuna yana da ƙarin, har ya fi na Inna girma. Likita ta ce da an kwantar da shi a wancan makon, sai dai wani ikon Allah. Shi ma ya tara tasa jarkar, ya kuma roƙe ni kada in sa wannan a rubutu. Yayata Rabi an samu nata tun yana ƙarami. Ni da sauran maza biyu ba a ga komai ba, amma duk shekara muna komawa, yaranmu kuma ana bin su ɗaya bayan ɗaya yadda aljihu ya ba da hali. An yi wa Inna aikin ciki, ta warke, aka yi na wuya, aka ɗora ta a kan ƙwayar da za ta sha har ƙarshen rayuwa. Zufa ta tafi. Faɗan dai bai tafi duka ba, likita ta ce wannan ragowar ba ta asibiti ba ce. Ina gode wa Allah, ina gode wa likitar nan da ta saurari maganar tsohuwa lokacin da ni nake taka mata ƙafa, da Madam Ngozi, da ƙawata da ta riƙe mu. Gwaggo Hassi ma na gode mata, ita ta sayar da tunkiyarta ba wanda ya roƙe ta. Wanda duk ya san a danginsu ana zufa da bugun zuciya haka kawai, ko ana ƙullin wuya, ko wani ya taɓa shiga ƙaramin aiki bai fito ba, ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi, ya kuma ƙirga kowa da kowa.

Ranar aikin Yaya na farko ta zo bayan an sallami Inna daga na wuya. An ce ta koma gida ta huta, ta ce hanyar Bagudo na jijjiga mata ɗinki. Muka zauna a bencin ƙofar ɗakin aiki, ni da Safiya da ita, wuyanta a naɗe da bandeji, muryarta a dishe tun bayan aikin. Ta ce ita iska ta fito sha. Tun hantsi take shan iskar nan har aka yi azahar, carbi na gudu a hannunta, abincin da na zuba mata ko buɗewa ba ta yi ba.

Can ƙofa ta buɗe, wata nas ta leƙo.

"Ina masu Usman?"

Kafin ni da Safiya mu tattara zannuwanmu, Inna ta riga ta miƙe tana tsaye a gabanta. Nas ta dube ta, ta dubi bandejin.

"Mama, ke ce mahaifiyarsa?"

Bencin cike yake da mutane, kowa ya zuba ido. Inna ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi ta rufe rabin fuska.

"Hakanan anka ce," in ji ta da 'yar muryar da ta rage mata.

"To an gama lafiya, ya farka. Mutum ɗaya zai shiga."

Safiya ta koma ta zauna. Inna ta miƙo mini carbinta, ta cire takalma a bakin ƙofa, ta shiga.